Masu Saran Takarda a Kudancin Jidda

Yawancin Hausawan da suka san sunan Waziriyya, a bakin 'yan ƙwallo suka ji shi. A wannan unguwa ta kudancin Jidda filin wasa na Yarima Abdullahi al-Faisal yake, inda ƙungiyoyin Ittihad da Ahli suka daɗe suna kece raini kafin a buɗe katafaren filin Sarki Abdullahi a arewacin gari a 2014. Amma ƙwallo ta ranar wasa ce kawai. Abin da unguwar ke kwana da shi ta tashi da shi, ƙugin manyan motoci ne. Yankin masana'antu na farko na Jidda, wanda mutanen gari ke ce wa Sina'iyya, yana nan kusa da ita, tashar jiragen ruwa tana ta yamma, idan ka nausa kudu kuma sai Khumra, inda rumbunan kaya suka yi layi, inda kuma kamfanin MEPCO, da aka kafa a 2000, yake jiƙa tsohon kwali ya mai da shi sabuwar takarda. Cikin kayan da ke kai da komo tsakanin waɗannan wurare akwai wanda ba ya ɓoyuwa: naɗin takarda, wanda ma'aikata ke kira rol, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, nauyinsa tan guda ko fiye.

Rol guda na takardar rubutu, in aka warware shi, ya haura kilomita 10. Injin buga jarida yana cin sa haka nan a naɗe. Amma injin da ke buga kwalin magani, da akwatin dabino da na turare da alhazai ke saya tsaraba, da bangon littafi, da kalanda, ba ya karɓar komai sai falle. To tsakanin doguwar takardar nan da fallen akwai wani dogon inji, akwai kuma mutumin da ke tsaye gefensa. A ganina, duk layin sana'ar ɗab'i babu gwanin da aka tauye wa yabo kamarsa. Mai zane sunansa yana fita, mai buga launi ana ɗaga aikinsa ana nuna wa baƙi, shi kuwa mai sara ba a tunawa da shi sai ranar da aiki ya ɓaci.

Da can babu wannan sana'a, don babu buƙatarta. Falle-falle ake yin takarda, da hannu. Wadda malaman Kano da Sakkwato suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19, mai tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a haske, daga arewacin Italiya take, ta biyo ta Tarabulus ta ƙetaro Sahara a bayan raƙumi, kuma a fallenta ta zo. A 1799 ne wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Robert, ya yi rajistar injin da ke fitar da takarda ba yankewa, wasu 'yan'uwa masu suna Fourdrinier suka zuba masa kuɗi a Ingila har ya fara aiki a farkon shekarun 1800. Tun daga nan sai da aka nemi wanda zai riƙa sa wa takarda iyaka da wuƙa.

Aikin yana farawa tun ba a kunna komai ba. Motar ɗaga kaya mai hannu biyu ta rungumo rol ta dire, mai inji ya zagaya shi yana shafa gefensa da tafin hannu. Yana neman inda ya bugu a cikin kwantena, da inda ruwa ya taɓa, da ko bututun kwalin da ke tsakiyarsa ya lotse. Rol ɗin da aka yar da ƙarfi ya riga ya ɗan baje, kuma in ya fara juyawa zai riƙa fizgar takarda yana saki, fizga da saki, har tsawon fallaye ya bambanta. Sai ya karanta shaidar da ke manne a jiki: giram nawa ne a murabba'in mita, faɗi nawa, daga wane zubi ya fito. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Takarda marar kauri ba ɗai-ɗai ake saran ta ba, ana ɗora rol huɗu ko biyar ko shida ne a jere, a haɗa bakinsu su shiga wuƙa tare. Ke nan a tarin da zai fito, falle na farko daga wannan rol ne, na biyu daga wancan, haka har ƙasa. In guda ya ɗan fi sauran fari, ido ba zai kama ba a ƙarƙashin fitilar masana'anta. Sai an buga littafi an ɗinke, mai karatu ya ga shafi yana haske yana dushewa bi da bi. Shi ya sa gwani ba ya gauraya zubi, ko da maigida yana tsaye a kansa yana duba agogo.

Yawan rol ɗin ma lissafi ne. Wuƙa tana da iyakar abin da take iya ci a sara guda. Rol shida na takarda mai giram 80 sun tashi giram 480 a bakin wuƙa. Kwali mai giram 350 kuwa shi kaɗai ake sawa. Mai haɗama ya ƙara rol don ya tashi da wuri, sai fallayen tsakiya su fito da baki a tattaune.

Daga nan sai ja. Dole takardar ta tafi ɗam tsakanin rol da robobin da ke jan ta gaba, ba sako-sako ba, ba kuma ta kai ga tsinkewa ba. Birki ne a gindin kowane rol yake riƙe shi. Sai dai rol yana ramewa yayin da ake cin sa, birkin da ya yi masa daidai yana cike ya yi masa yawa in ya rage rabi, don haka sai ana sassautawa sannu a hankali tun daga farko har ƙarshe. Takardar da aka ja fiye da kima tana miƙewa, a sare ta a miƙe, ta sauka kan tari ta koma yadda take, sai a auna a ga ta gaza. Sababbin injuna suna daidaita birkin da kansu, tsofaffi kuwa sai hannu. Amma ko a sabo za ka ga mu'allim, yadda ake kiran babban gwani a wuraren sana'a na Saudiyya, ya kafa ido a gefen takardar. In ya ga bakin rol na uku yana rawa ba ya ɓata bakinsa, ƙarar inji ba za ta bari a ji ba, kuma sau da yawa shi da yaronsa ba harshensu ɗaya ba, wannan Bamisire ne wancan ɗan Indiya ko Bangaladash. Yatsu uku zai ɗaga, ya murɗa hannu a iska, yaron ya ruga.

Wanda ya taɓa shimfiɗa tabarmar da ta daɗe a naɗe ya san halinta: bakinta ba ya kwanciya, kuma ɓangaren da ya kwana can ciki ya fi taurin kai. Haka takarda take, musamman kwali. Maganin abin wani siririn ƙarfe ne da ake bi da takardar ta kansa a lanƙwasa ta ta kishiyar yadda ta kwana. A nan gwaninta take fitowa fili, don lanƙwasar ba ɗaya ba ce a jikin rol. Ta waje kaɗan ce, ta kusa da bututu kuwa mai tsanani. Sai mai inji ya riƙa tura ƙarfen yana ƙara nutsa shi cikin takardar yayin da rol ke ƙarewa, yana zaro falle lokaci lokaci ya ajiye kan tebur ya ga yadda zai kwanta. Ya yi kasala, fallayen ƙarshe su fito kamar za su naɗe kansu. Ya wuce gona da iri, su lanƙwashe ta baya, ko farin shafen da ke fuskar kwali ya tsattsage. Da an ɗora sabon rol kuma sai ya janye ƙarfen ya koma farko. Wanda ya manta da wannan, fallaye ɗari na farko sun tafi shara.

Wuƙaƙen tsaye ba su da dogon labari. Faya-fayan ƙarfe ne masu kaifi, na sama da na ƙasa, suna gyare gefe biyu, suna kuma tsaga takardar gida biyu ko fiye in faɗinta ya isa. Siririn da aka gyare, iska ke zuƙe shi ta bututu.

Babbar wuƙa, mai sara a gicciye, ita ce ran injin. A lissafa: takarda tana gudun mita 300 a minti, ana son falle mai tsawon mita guda. Sara 300 ke nan a minti, biyar a kowace daƙiƙa, kuma ba a tsayar da takardar, tana gudu ake yanka ta, kuskuren da ake yafewa bai wuce rabin milimita ba. Wuƙar iri biyu ce. Tsohon salo, wuƙa ɗaya ce ɗaure a jikin ganga mai juyawa, tana wucewa ta gefen wata da ke kafe a ƙasa. Ba a ɗaure ta sambal ba, an ɗan murɗa ta ne yadda za ta fara cizo daga gefe guda ta gangara zuwa ɗaya gefen, don da za ta sauka gaba ɗaya lokaci guda da injin ya girgiza. To amma kafin cizon ya isa wancan gefen, takarda ta riga ta ɗan matsa gaba, yankan zai fito a karkace. Dabarar ita ce a ɗan karkatar da gidan wuƙar kacokan ta yadda karkata za ta kashe karkata. Kuma duk sanda aka sauya tsawon falle, sai an sake neman wannan daidaito, don saurin wuƙa da na takarda sun sake alaƙa.

Sabon salo, wanda kamfanoni irin su Jagenberg da E.C.H. Will na Jamus da Pasaban na Sifen suka yi suna a kai, ganga biyu ne, sama da ƙasa, kowace da wuƙarta, suna haɗuwa a kan takardar daidai da saurin da take tafiya. A ce kewayen gangar mita guda ne, fallen da ake so santimita 70. Da ta sara sai ta ƙara gudu don ta zagayo da wuri, ta rage daidai lokacin da za ta taɓa takarda, ta sara, ta sake zabura. In fallen ya fi kewayenta tsawo sai ta yi akasin haka, ta lafa ta jira. Tana wannan hanzari da lafawa sau da dama a daƙiƙa guda. Da can giya-giyai da sandunan ƙarfe ke yin haka, yau injin lantarki mai kwamfuta ne. Yankanta ya fi tsabta, shi ya sa masu kwali mai kauri suka fi son ta.

Sai dai kwamfuta ba ta ɗaura wuƙa. Ranar sauya wuƙa ita ce ranar da ake sanin wane ne wane. A kashe inji, a kulle makunnin, mu'allim ya sa makullin a aljihunsa, don kada wani ya zo da kyakkyawar niyya ya raba shi da yatsunsa. Wuƙar doguwa ce, faɗin injin gaba ɗaya, a bayanta noti-noti ne a jere, kowane yana tura ɗan yankin da ke gabansa. Ya yago siririyar takarda marar kauri, ya sa tsakanin wuƙaƙen a can gefe, yaro ya juya gangar da hannu a hankali. In ta yanke ƙyas, ya matsa gaba. In ta tauna ta bar gashi, ya sa sifana ya taɓa notin wurin, taɓawar da mai kallo zai rantse bai juya komai ba, ya sake gwadawa. Matse wannan notin yakan ɗan motsa na kusa da shi, sai ya koma baya ya sake bi. Haka zai yi ta yi daga wannan gefe zuwa wancan, ya dawo, ba gaggawa. Ya matse da yawa, wuƙa ta ci wuƙa, kaifin da ya kamata ya yi makonni ya tafi a kwana guda. Ya bar sarari, takarda ta yi ta zubar da gari. Bayan an kunna inji ya yi gudu ƙarfe ya ɗumama, sai ya sake dubawa, don ƙarfe mai zafi ba girmansa ɗaya da mai sanyi ba. Daga nan kunne ke karɓar aiki. Wuƙa mai lafiya sautinta ɗaya ne, cas cas cas, ba hawa ba sauka. Da ta sauya murya, ya ji, ko da yana can yana shan shayi.

Me ya sa ake wannan wahala a kan ɗan gari? Saboda a injin ɗab'i, tawada tana bi ta kan bargon roba ne kafin ta hau takarda, kuma ɓurɓushi guda in ya manne a bargon zai riƙa barin ɗigo mai farin zobe a kan kowane falle, a wuri guda, har sai an tsayar da inji an wanke. Babban injin Heidelberg na zamani yana buga falle 18,000 a awa. Kafin mai bugu ya ankara, ɗaruruwa sun tafi da tabon, kuma in a kan fuskar mutum ya faɗa ko a kan sunan magani, ba mai karɓa. Shi ya sa mai sara yake ajiye baƙin ƙyalle. Ya goga shi a gefen tari, in ya taso da fari, wuƙa ta fara gajiya.

Akwai kuma gwajin kusurwa, wanda na fi sha'awa don sauƙinsa. Ya zaro falle biyu, ya kifa ɗaya a kan ɗaya, ya daidaita gefe guda da yatsu. In yankan ya karkace ko da ƙanƙani, kifawar tana ninka kuskuren, sai bakin wannan ya leƙo ta bayan wancan. Wani kuma awon kusurwa zuwa kusurwa yake yi ta ɓangare biyu, in ba su zo ɗaya ba akwai magana. Injin ɗab'i da baki biyu yake sanin inda falle yake, na gaba da na gefe. In kusurwar da ke tsakaninsu ba ta tsaya daidai ba, abin da aka buga a gaba ba zai hau kan na baya ba, kwalin da aka fitar kuma ba zai rufu yadda ya kamata ba.

Fallen da ya bar wuƙa yana tafiyar kilomita 18 a awa. Da za a bar shi ya daki bango da wannan gudu da bakinsa ya tattare. Don haka bel-bel masu sauri suke fara fizge shi su buɗe tazara tsakaninsa da na baya, sannan iska ta zuƙo wutsiyarsa ƙasa, kan na baya ya hau ta samansa, su zarce kan wasu bel-bel masu tafiyar hawainiya suna hawa kan juna, har su zube kan katako. Can wasu faranti suna bubbuga tarin ta gefe-gefe, ana hura iska tsakanin fallaye don su zame su zauna, katakon yana sauka yayin da tari ke hawa. Inda aka yi gami a cikin rol, wato inda takarda ta taɓa tsinkewa aka liƙa, akwai wata ƙofa da ke buɗewa ta jefar da fallen ƙasa. Ƙirga kuwa ba a yin sa da yawu a yatsa: in rol biyar ne, sara 100 ya ba da rim guda na falle 500, wata 'yar na'ura ta cusa tsinken takarda a gefe ya zama alama. Tarin gwani, in ka shafa gefensa, sumul za ka ji shi. Wurin ba na jallabiya ba ne ko hannun riga mai lilo, duk inda roba biyu ke juyawa suna haɗuwa, abin da suka kama ba sa saki.

Duk wannan a kan inji ne. Akwai ilimi biyu da suka shafi takardar kanta, kuma su ne suke bambanta mai sara da mai danna maɓalli.

Na farko kwanciyar zare. Takarda tarin ƙananan zaruruwan itace ne, kuma a wurin yin ta yawancinsu suna kwantawa ne ta hanyar da injin ke gudu. Yaga jarida ka gani: ta wani ɓangaren tana yagewa sambal, ta ɗayan kuwa sai ta bi inda ta ga dama. Falle mai santimita 70 da 100, girman da maɗaba'u suka fi nema, ana iya fitar da shi ta hanya biyu. A ɗauki rol mai faɗin 70 a sara a 100, zare ya bi tsawo. A ɗauki mai faɗin 100 a sara a 70, zare ya bi faɗi. A ma'auni abu ɗaya ne, a hannun mai ɗinkin littafi kuwa sama da ƙasa ne. Littafin da zarensa bai bi gadon bayansa ba ba ya buɗuwa ya zauna, shafukansa suna tsayawa ƙiƙam, gindinsu yana yamutsewa. Mus'hafin da ake ba alhazai kyauta a kan hanyarsu ta komawa gida, bugun Cibiyar Sarki Fahad ta Madina da aka buɗe a 1984, wadda ita ce kuma ke buga tarjamar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, in ka buɗe shi ka ga shafi ya kwanta luf duk da rashin kaurinsa, wani ne ya kiyaye wannan ƙa'ida. Mai sara nagari in aka kawo masa odar da ba a faɗi inda zare zai bi ba, ba ya tsammani, waya yake ɗauka.

Na biyu iska, kuma a nan Jidda ta zama makaranta mai wuya. Takarda tana shan laima tana fitarwa, tana kumbura ta fuskar faɗin zare fiye da tsawonsa. Masu ɗab'i sun fi son laimar ɗaki ta tsaya tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Jidda kuwa a bakin Bahar Maliya take, a ƙarshen bazara iskarta har danƙo take yi a jiki, ga zauren aiki mai sanyin na'ura, ga rumbu mai zafi, ga bayan mota a rana. Tarin da ya fito daga sanyi aka buɗe shi cikin iska mai laima, gefensa ne zai fara sha ya faɗaɗa, tsakiya tana nan yadda take, sai bakin ya yi tudu da kwari. Irin wannan in ya shiga tsakanin gangunan ɗab'i sai ya naɗe ya bar layi. Don haka da tari ya sauka ake naɗe shi da leda ruf, ba a barin sa ya kwana tsirara, mai ɗab'i kuma ba ya kwance ledar sai katakon ya yi kwana ɗaya ko biyu a ɗakinsa ya ɗauki zafin wurin. Ledar da ke jikin rim ɗin A4 ma ba ado ba ce, da shafen da ke tare laima a cikinta.

Tunda an ambaci A4: girmansa milimita 210 da 297, tsarin da Jamusawa suka kafa a 1922 yawancin duniya ta bi su. Falle 16 nasa murabba'in mita guda ne, don haka falle ɗaya mai giram 80 nauyinsa giram 5, rim kilo 2 da rabi, tan guda rim 400. Mai sara da irin wannan lissafi yake kwana. A ce ana son layi biyu na santimita 70, rol ɗin da ke rumbu faɗinsa 143, abin da za a gyare wajen kashi 2 cikin 100 ne. In mai 150 aka ɗauko, santimita 10 ke tafiya, kusan kashi 7, a aikin tan 20 an zubar da fiye da tan guda. Ribar mai wannan kasuwanci sau da yawa ba ta kai faɗin abin da ake gyarewa ba, kuma mutumin da ke zaɓar rol ɗin ba shi ke zaune a ofis ba.

A gida Najeriya labarin ya ɗan sha bamban. Gwamnati ta gina masana'antun takarda uku, a Jebba da Oku-Iboku da Iwopin. Ta Oku-Iboku, mai takardar jarida, da ta Iwopin, mai farar takarda, sun daɗe da yin shiru. Farar takardar da ake buga littattafan Hausa da takardun jarrabawa da hotunan 'yan takara a Kano da Kaduna da Zariya, garin da kamfanin Gaskiya ya kafu tun 1945, ta jirgin ruwa take zuwa, wata a sare wata a naɗe. Abin da ƙaramin mai maɗaba'a ya sani shi ne tsohon injinsa Kord da wuƙar Polar mai sauka kan tari, wadda aikinta rage fallen da wani ya riga ya sara a wata ƙasa ko a Legas. Matsalarsa kuma kishiyar ta Jidda ce. Takardar ta kwana cikin laimar bakin teku, ta hau mota ta iso cikin hunturu, lokacin da laimar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20. Gefe ya bushe ya tsuke, tsakiya ta yi tozo, fallaye su riƙa mannewa juna suna tartsatsi a hannu, inji ya ɗauki biyu a maimakon ɗaya. Sai a ce takardar ce ba ta da kyau, alhali sau da yawa ledar aka yi gaggawar farkewa.

Nakan ji 'yan kasuwarmu masu zirga-zirgar Kano da Jidda suna sha'awar sayo irin wannan inji, na hannu daga Turai ko sabo daga Sin, su riƙa shigo da rol suna sarawa daidai girman da mai ɗab'i yake so. Tunani ne mai kyau, kuma kasuwar tana nan. Amma injin yana son wuta tsayayya. In aka ɗauke ta yana tsakiyar gudu, takarda ta cunkushe a bakin wuƙa da cikin bel-bel, a ɓata lokaci ana zaro ta da hannu, a sake zura bakin rol shida ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin janareto da na wasa wuƙa suna cikin lissafin, haka ma albashin da zai sa wanda ya iya ɗaura ta ya yarda ya baro inda yake, ya kuma zauna tsawon da yaran gida za su koya a hannunsa.